Waɗanda Suka Juya wa Taswira Baya

Kafin in fara, ina roƙon a yi mini afuwa. Ni dai makaranciya ce, ban taɓa rubuta abin da ya wuce amsar jarrabawa ba. In kun ga na yi tuntuɓe a wani wuri, ku kau da kai ku wuce. Ga labarin.

Motoci biyu ne suka fita daga bariki da sassafe, ɗauke da magunguna zuwa asibitin wani sansani mai nisa. Ba su bi babbar hanya ba, domin ana gyaran gada. Tsohuwar hanyar wurin fasa dutse suka bi, wadda manyan ofis kaɗai suka san an zaɓa. A wata kwana suka tarar da gungume a tsakiyar titi. Kafin rana ta ɗaga an kwashe magungunan, an karya wa direba ɗaya hannu.

Kanar, shugaban barikin, ya aika a kira Baba Sawu. Sajan Manjo ne, gashinsa ya yi fari a bakin aiki, kuma tun yana ƙaramin soja aikinsa ke nan, bin sawu. Sunansa na yanka ya ɓace tuntuni, har matarsa Baba Sawu take ce masa in tana jin tsokana.

Ya zagaya kwanar a hankali, hannuwansa a baya, kamar mai duba gonar da zai saya. Ya ga inda ciyawa ta kwanta, ya ga toka mai sanyi, ya ga guntayen taba. Cikin ɓarayin akwai wanda yake jan ƙafar hagu. Ya bi su har inda sawu ya hau kwalta ya ɓace, sannan ya dawo.

"Ranka ya daɗe, waɗannan ba sa'a suka yi ba," in ji shi ga Kanar. "A nan suka kwana. Ko mutum ɗaya ba su ajiye a babbar hanya ba. Sun san ta nan za a biyo."

Kafin la'asar bariki ya ɗauka. Kwamfutar ɗakin tsare-tsare ta nuna cewa kwanaki kaɗan kafin tafiyar, da rana tsaka, an buɗe taswirar hanyar ba tare da wani dalili ba, kuma da katin Kofur Akawu aka buɗe ta. Kowane ma'aikacin ɗakin yana da katinsa, in ya zura shi a na'ura allo ya buɗe da sunansa, in ya zare ya kulle. Aka kulle ɗakin, aka kai Akawu gadurum, kurkukun bariki. Magana ɗaya ake yi: kotun soja.

Bango ɗaya ne tsakanin gidan Baba Sawu da na Akawu. Da ya dawo ya ji ana jan kaya a maƙwabta. Ya leƙa ta saman katanga, ya ga matar Akawu tana ƙulle tukwane a cikin zanin gado, 'yarta goye a baya.

"Ke 'yar nan, ina zuwa?"

"Baba, gara in haɗa da hannuna da a watso mini su waje. An ce in kotu ta kama shi, ranar za mu bar gidan." Ta ja ƙullin da haƙori. "Yau na je famfo, mata suka yi tsit. Wadda na yi wa wankan jego ma ta ɗauke bokitinta daga kusa da nawa."

"Mijinki ya taɓa kawo wani baƙo gida?"

"Wannan? Mutumin da ko kifi zai saya sai ya tambaye ni ko ya yi tsada? Baba, tsoro ne da shi, amma ba ya cin amana."

Baba Sawu ya ce ta bar tukunya ɗaya a waje, yara za su ci abinci. Da safe ya nemi izinin Kanar ya bi sawun ta cikin gida.

Akawu yana zaune a kan benci a gadurum, an karɓe masa bel da igiyar takalmi. Ya miƙe da ganin tsohon.

"Zauna, ɗana. Ranar da aka buɗe taswirar nan, kana ina?"

"Kanti aka aike ni, Baba. Sayo lemo. An ƙara wa Kyaftin girma ya zama Manjo, ya ce a jiƙa maƙoshi."

"Katinka fa?"

Akawu ya dubi yatsun ƙafarsa.

"Ina jin ka."

"Yana cikin na'ura."

"Ranar kaɗai?"

"Kullum, Baba. In na zare, allon ya mutu. Oga ya shigo yana sauri ya tarar a kulle, sai ya ce ni na fi shi sanin aiki ne? Su ma suna da nasu katin, amma wani nasa na mota, wani ya manta lambarsa. Tun ina sabo wanda na gada ya ce mini, ka bar kati a ciki ka zauna lafiya da manya."

"Ka faɗa wa masu bincike haka?"

"Na ce ina kanti. Suka ce na'ura ba ta ƙarya. In na ce na bar kati, laifi ne. In na ce manya ke amfani da shi, wa zai tsaya mini?"

"Da ka dawo da lemon, me ka gani?"

"Ba komai. Suna ta dariya, kowa ya sha ƙarin guga. Aka karɓi lemo a bakin ƙofa aka tafi da shi ɗakin hutawa."

Mai kanti mace ce mai jiki, mai son magana, matar wani tsohon soja. Ta tabbatar Akawu ya zo, har ya daɗe, domin lemon bai yi sanyi ba ya ce shi ba zai kai wa manya mai ɗumi ba. Amma ta ce ita shaidarta ba ta wuce bakin kanti ba, ba ta duba agogo.

"Ni dai Baba, in da ni ce kai, bakanike zan tambaya," ta rage murya. "Shi ya duba motocin. Kuma kwanan nan kullum yana gari."

Bakanike yana ƙarƙashin mota ya amsa. Ya san motoci za su fita, tun da shi ya canza musu mai, amma babu wanda ya gaya masa ta ina. Gari kuwa mahaifiyarsa ce a kwance a asibiti. Baba Sawu ya dubi yadda yake taka ƙasa, ƙafa biyu daidai, ya yi wa tsohuwa addu'ar samun sauƙi.

"In kana neman mai hannu a ciki," in ji bakanike yana goge hannu, "ka dubi Kwaɗo. Tun zuwanta take cewa wata rana za a yi mana sata. To ga shi an yi. Wa ya fi ta jin daɗi?"

Kwaɗo ita ce Laftanar da aka turo don tsaron bayanai. Sun sa mata sunan ne saboda komai ta gani sai ta kulle. Matashiya ce, siririya, ba ta da yawan fara'a, kuma mukullin ɗakin tsare-tsare yana hannunta tun ranar satar. Baba Sawu ya same ta a ofis tana cin biskit ita kaɗai.

"An ce ke kika shirya abin don ki nuna kin yi gaskiya, ranki ya daɗe."

"Na ji. Jiya ma an ce aljana ce ni." Ta ture biskit ɗin gabansa. "Baba, na yi musu darasi har muryata ta dushe. Na gaba suna gyangyaɗi, na baya suna duba sakamakon ƙwallo. A ganinsu dokar nan ta maciya amana ce. Kowa kuma ya san shi ba maci amana ba ne, don haka dokar ba tasa ba ce. In na ce wa mutum ajiye wayarka, sai ya ji kamar na kira shi ɓarawo."

"Kin san katin Akawu yana kwana a na'ura?"

"Na yi zargi. Duk sanda aka ji takuna sai a zare. Na kai ƙara sau biyu, aka ce in bar yaro ya yi aiki."

"Ki buɗe mini ɗakin in gani."

A bakin ƙofar ɗakin akwai wani katako mai ramuka, kowane rami da muƙamin mai shi, inda ake ajiye waya kafin a shiga. Baba Sawu ya zura yatsa a ramukan ƙasa, na ƙananan ma'aikata. Sumul suke, har fenti ya goge. Ya zura a na sama. Yatsan ya fito da ƙura, a ɗaya ma har da yanar gizo-gizo. Ya goge yatsan ya wuce ciki. Laftana ta ajiye wayarta, ta dubi aljihun rigarsa, ta buɗe baki, sai kuma ta rufe ta bi shi.

Ɗakin ba shi da girma. Dogon tebur, kujeru, kwamfuta a kusurwa, da wani ƙaton allo a bango inda ake haska taswira. Duk kujerun allon suke kallo.

"Yaushe aka share nan?"

"Farkon mako ake sharewa, ina tsaye. Har gindin bango ake gogewa. Tun daga nan mai shara bai sake shigowa ba."

Baba Sawu ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya bi daɓen da ido bai sami abin kirki ba, ƙafafu sun yi yawa. Ya matsa gindin bangon da allon yake. A kan farin fenti, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, akwai baƙaƙen tabo a jere, biyu-biyu, daga wannan gefen allon zuwa wancan. Ya shafa ɗaya ya sunsuna.

"Man takalmi ne. Kuma ba na bakin takalmi ba, na dunduniya."

Ya miƙe ya dubi taga. An yaye labulen gefe ɗaya har ƙarshe, an cusa shi bayan kabad don kada ya dawo. A tsakiyar ɗaki akwai kujera ɗaya da ta fita daga layi. A kan yadinta ga sawun takalmi biyu, suna fuskantar allo.

"Ranki ya daɗe, abin da ban gane ba ke nan. Duk wanda ya shigo ɗakin nan allo yake zuwa kallo. Me zai sa mutane su jeru, su matse da bango, ƙafa a haɗe, su juya masa baya? Ga wani kuma ya hau kujera yana kallon su."

Laftana ta dubi tabon, ta dubi kujerar, ta dubi hasken da ke shigowa ta taga.

"Hoto," in ji ta a hankali. "Hoto suka ɗauka."

A barikin nan duk wanda aka ƙara wa girma sai ya yi hoto da abokan aikinsa a wurin aikinsu, a wanke shi babba, a sa a gilashi. Makanikai a gareji suke yi, masu jinya a gaban asibiti. Kuma shago ɗaya kowa yake kai wa, a gari, kusa da tashar mota.

Ba su ma shiga shagon ba suka gan shi. Yana rataye a waje tsakanin hoton wasu jarirai tagwaye da na wata ɗaliba mai hular kammala karatu. Manjo a tsakiya da sabon muƙami a kafaɗa, abokan aikinsa dama da hagu, kowa ya ƙame. A saman kawunansu allon yana haske tar. Ga jan layi ya bar babbar hanya ya bi ta wurin fasa dutse, ga ranar tafiya a kusurwa, ga abin da motocin za su ɗauka.

Mai hoto ya fito yana murmushi. "Ya yi kyau ko? Hoton soja yana jawo kasuwa, shi ya sa na rataye kafin a zo karɓa. Na yi ta kiran Oga, har yau shiru."

"Mutane suna tsayawa kallo?" in ji Baba Sawu.

"Sosai. Akwai wani ma da ya daɗe a gabansa, ya ɗauka a wayarsa. Na ce ko ɗan'uwansa ne a ciki, bai kula ni ba."

"Yaya tafiyarsa?"

Mai hoto ya yi tunani. "Kamar yana jan ƙafa ɗaya."

Laftana ta sauke hoton da kanta, ta naɗe shi da mayafin da mai shagon ya ara mata. Ta bar shi da gargaɗin cewa 'yan sanda za su zo jin kamannin mutumin.

Washegari da hantsi Kanar ya tara su a ɗakin tsare-tsare: Manjo, hafsoshin ɗakin, Laftana, da Akawu tsakanin masu gadi biyu. Hoton yana jingine a bayan ƙofa a naɗe, ba wanda ya kula da shi.

"Ranka ya daɗe, alfarma ɗaya nake nema," in ji Baba Sawu. "A ce wa manyana su tsaya a jikin bangon can, su juya wa allo baya."

Kanar ya ɗaga gira, sannan ya gyaɗa kai.

Suka tashi. Ba wanda ya tambayi inda zai tsaya. Manjo ya nufi tsakiya, dogayen suka koma gefe, gajeren cikinsu ya shiga kusa da Manjo, kamar an taɓa gwada musu. Ƙaramin hafsan cikinsu bai je bango ba. Ya yi taku biyu wajen kujerar tsakiyar ɗaki, sai ya tsaya cak, kunnuwansa suka yi zafi.

"Hau mana, ranka ya daɗe," in ji Baba Sawu. "Ai wurinka ne."

Ya roƙi Kanar ya sunkuya ya duba. Kowace dunduniya tana kan tabonta. Laftana ta kwance mayafin ta ɗora hoton a kan tebur.

Kanar ya daɗe yana kallon jan layin.

"A ina aka samo wannan?"

"A rataye a bakin tasha, ranka ya daɗe," in ji Laftana. "Duk mai wucewa ya gani."

Manjo ya dubi Kanar. Mutum ne da ake yabo, ya yi fagen fama, bai taɓa gudu ba. "Allon ne ya yi baƙi a bayanmu, hoton bai yi kyau ba. Na ce a kunna. Kati na ciki, aka taɓa, abin da aka duba na ƙarshe ya fito. Wallahi ranka ya daɗe, fuskokinmu kawai na duba. Dukanmu nan amintattu ne, ban kawo komai a raina ba."

"Na yarda ba ka kawo ba," in ji Kanar, bai ɗaga murya ba. "A ranar. Amma da aka ce an buɗe taswira da rana tsaka, ka san wanda ya aiki yaron nan kanti. Ku duka kun sani. Mai hoto yana kiran ka, ka ƙi zuwa. Kuna wucewa ta gaban gadurum safe da yamma."

Ƙaramin hafsan ya sunkuyar da kai.

Kanar ya juya ga Akawu. "Kofur, ba ka sayar da mu ba. Amma ka bar katinka a na'ura, kuma ka san doka. Za ka rasa igiya ɗaya. Gidanka yana nan. Ku kuma," ya dubi masu tsaye a bango, "kwamitin bincike zai ji sauran daga bakinku. Laftana, daga yau in kin kawo ƙara, teburina za ta zo."

A daidai nan wani kiɗa ya tashi, siriri, mai naci. Aka dubi juna. Daga aljihun Baba Sawu yake fitowa.

Tsohon ya dafe aljihun kamar zai toshe wa wayar baki. Laftana ta tako ta miƙa masa tafin hannunta. Wannan karon ba ta rufe baki ba.

"Baba, wayarka."

"Ranki ya daɗe, wannan ai ko hoto ba ta ɗauka sosai. Kuma ni…"

"Kai amintacce ne. Na sani. Kawo."

Ya ciro ta ya ba ta. Kanar ya yi tari a cikin hannunsa, ya laluba nasa aljihun, ya ɗora tasa a kan ta tsohon ba tare da ya dubi kowa ba.

A waje Baba Sawu ya karɓi wayarsa ya duba. Matarsa ce, tana so ta ji ko yaron zai dawo, domin maƙwabciya ta ƙi cin komai tun safe. Bai kira ta ba, ya ga gara su gani da ido.

Tare suka taka zuwa layin gidajen, Akawu yana tafe yana gyara bel. Matan famfo suka bar abin da suke yi suna kallo. Wadda aka yi wa wankan jego ce ta fara cewa sannu da dawowa, muryarta ƙasa-ƙasa.

Matar Akawu tana zaune a kan ƙullin kaya a tsakar gida. Ta dubi mijinta, ta dubi hannun rigarsa inda zare ya nuna wurin igiyar da aka cire.

"Ina ɗayar?"

"Ta tafi."

"Gidan fa?"

"Yana nan."

Ta goge ido da bakin zani. Sannan ta sauka daga kan ƙullin ta fara neman bakin ƙullin da farce. Ya ƙi kwancewa, don da haƙori ta ɗaure shi.

"To tsayuwar me kake yi? Zo ka kama mini. Baba, a ce wa Inna ta aiko mini da wuƙa."

Baba Sawu ya zagaya gidansa yana ƙwala wa matarsa kira.

Nan na kawo. Tun da hankalin kowa yana kan tukwanen da ake fitarwa, bari in ɗauki takalmana a hannu in bi ta bayan layi, kafin wani ya ɗago.